Keken Malama da Ƙofar Aji

A ƙarshen layin, inda kwalta ta gaji ta bar wa jar ƙasa hanya, akwai wata rumfar kwano da ta karkata gefe guda kamar mai sauraron magana. Nan ne wurin aikin Tartsatsi. Sunansa na yanka yana nan a jikin katin shaida, amma ko matarsa ta daina kiransa da shi. Shekara arba'in yana walda, kuma wutar ta bar masa shaida a ko'ina: ƙananan ramuka a gaban riga, ɗigo-ɗigon tabo a bayan hannu, da idanu masu ja kamar na wanda bai gama kuka ba.

Abin da mutum zai fara gani a jikinsa hannuwansa ne. Manya ne, faffaɗa, in ya riƙe kofin shayi sai kofin ya ɓace. Da su yake awo. Bai taɓa mallakar tef ba. Sai ya buɗe tafin hannu, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ya ce ɗani ɗaya, ɗani biyu, ya zana da alli, ya yanka. Ƙofofin gidajen layin da tagoginsu duk da wannan hannun aka auna su, kuma ba wadda ta taɓa ƙin shiga mazauninta.

Yana da ƙane guda, wanda ya faɗo daga saman gini yana da shekara ashirin da shida, ƙafafunsa suka daina jin magana. Shekara bakwai ya yi a ɗaki ɗaya yana kallon silin. Ranar da ba aiki Tartsatsi yakan goya shi ya fito da shi ƙofar gida ya ga mutane, kafin rana ta yi zafi ya mayar da shi. Yana ta tarin kuɗin keken guragu, wata hidima tana zuwa tana cinyewa, har ƙanen ya rasu ba a saya ba. Bayan an share makoki ya koma rumfa, ya zauna a kan benci, idonsa ya sauka a kan tarin ƙarafan da ke jibge a lungu, da wata tsohuwar tayar keke da ke rataye a jikin ƙusa. Ya daɗe yana kallonsu. Shekara bakwai ƙarfe yana gabansa, wuta tana hannunsa, bai taɓa tunanin shi ma zai iya ƙerawa ba. Ranar bai kunna inji ba.

Asusun unguwar kuwa Sista ce ta kafa shi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya amma muryarta ba ta yi ba. Akwatin katako ne a kan kantar shagon magani, mai tsaga a sama. Kowa ya jefa abin da ya samu. Daga cikinsa ake sayen magani ga wanda ya kasa, a ɗinka wa marayu kayan makaranta, a gyara famfon layi in ya lalace. Ranar da Tartsatsi ya fara zuwa taron masu kula da asusun a barandar gidanta, ya tsaya daga bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Ya ce, "Sista, ni ba ni da abin jefawa a akwati. Amma in akwai wanda ke kwance a ɗaki don rashin keke, a nuna min gidan."

Ta dube shi ta saman gilashinta. "Ƙarfen fa? Asusu ne zai saya?"

"Ba za a saya ba. Yana nan a gidajenku yana tsatsa."

Haka ya fara, haka kuma ya ci gaba. In za a yi keke, sai ya bi gida gida yana sallama. Ba ya karɓar abu biyu a gida ɗaya. Nan taya, can ƙarfen gado, gaba wayar birki. Sista ta sha yi masa faɗa a kan jinkirin, shi kuma amsarsa ɗaya ce: wanda ya jefa kuɗi a akwati, kafin yamma ya manta, wanda ya ba da tayar kekensa, kullum zai gan ta tana wucewa ta ƙofar gidansa da mutum a kai. Ba ta taɓa ce masa ya yi gaskiya ba. Amma ta lura da abu ɗaya, ta kuma faɗa wa mai shagon magani a ɓoye: duk gidan da aka ciro ƙarfe, daga baya hannun mutanensa ya fi saurin zuwa bakin akwati.

Keke goma sha ɗaya ya yi a haka kafin maganar Malama ta taso.

Malama ita ce mai aji uku a makarantar firamaren da ke kan tudu. Rabin samarin layin a hannunta suka koyi rubuta sunansu. Motar haya ce ta kife da su a hanyar dawowa daga gaishe da mahaifiyarta, ta tsira da ranta, ƙafafun suka shanye. Wata goma tana kwance. Sai ga takarda daga ofishin ilimi, cikin ladabi amma ba kwana-kwana: hutun jinyarta ya ƙare, in ba ta shiga aji ranar da aka koma makaranta ba, za a ba wani gurbinta. Saura kwana ashirin da ɗaya. Ga 'ya'ya uku, ga miji da shagonsa ya tafi a kuɗin asibiti.

Sista ta kira Tartsatsi ɗakin Malamar, ta yi musu magana ba ɓoye-ɓoye.

"Wannan karon ba na son yawon sallama. Asusu zai iya sayen na kanti, gobe-goben nan. Aikin mutum ne a kan layi, Malam Tartsatsi, ba wasa ba."

"Na kanti na tayil ɗin asibiti ne," in ji shi. "Ƙananan tayoyin nan na gaba, ramin farko a hanyar tudu zai kifar da ita. Ki ba ni kwana ashirin."

"In ka makara fa?"

Ya dubi hannuwansa. Malama ce ta raba gardamar daga kan gado. Ta rame, amma muryar ajin tana nan.

"Baba, in ka yi min, wa zai tura ni?"

"Ba kowa. Ke za ki tuƙa abinki."

"To na gida nake so. Wata goma ana ɗaga ni ana ajiyewa kamar buhu. Ya isa."

Washegari da sassafe ya fara. Matar mai burodi ta ba da ƙarfen gadon da aka kawo ta da shi gidan miji, tana cewa ai gara ya yi yawo da ya zauna a bayan ɗaki kaji suna hawa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ya ciro tayar kekensa ta baya, ya shafa ta kamar mai sallama da doki, ya ce ta san kowane lungu a garin, ba za ta ɓatar da Malama ba. Bakaniken babura ya ba da birki. Direban motar makaranta ya kawo kujerar da ya cire daga tsohuwar motarsa. Magini kuma, da siminti buhu ɗaya da asusu ya saya, ya je ya shafe matakalar barandar aji uku ta zama gangara.

Akwai gida ɗaya da kowa ya ce kada ya ɓata takalminsa: na mai shagon kayan gini. Mutum ne da bai taɓa kusantar akwatin ba, in ya shiga shagon magani ma gefe yake bi kamar akwatin zai cije shi. Tartsatsi ya je.

"Lafiya?" in ji mai shagon, hannunsa a kan aljihun tebur.

"Lafiya lau, maigida. Noti huɗu nake so."

"Na sayarwa ne."

"Na sani. Kyauta nake so. Su za su riƙe tayoyin keken Malama."

Mai shagon ya jira ya ji sauran roƙon, don a saninsa roƙo ba ya tsayawa a noti huɗu. Da ya ga ba saura, ya jawo kwali, ya zaɓo huɗu, ya mayar da ɗaya da ya ga alamar tsatsa, ya canzo wani.

"Waɗannan ba sa kwancewa," ya ce, kamar an yi masa musu. "Ka ɗaure su da kyau."

Saura awon ƙofar aji. A makon nan gwiwar Tartsatsi ta kumbura, hawan tudu ya gagare shi. Sai ya tuna da Tela, ƙanwar matarsa, wadda shagon ɗinkinta ke kallon makarantar, ita ce kuma ke ɗinka matashin kujerar. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki, tef a wuyanta kullum kamar sarƙa. Tun tana yarinya suke tsokanar juna, tsufa bai raba su ba.

"Ke, 'yar tsana, ki leƙa ki auno min faɗin ƙofar aji uku."

"To, tsoho mai ran ƙarfe. Inci nawa-nawa kake so, ko santimita?"

"Kada ki kawo min wannan lissafin naku na masu yankan atamfa. Ɗani na sani. Ki sa hannu ki auna."

Ta je ta sa hannu ta auna, ta aiko masa: ɗani huɗu da rabi. Ya ji daɗi. Ƙofa mai faɗi haka, ai sai ya buɗa keken sosai don ya zauna daram a kan ramukan tudu. Ya yi shi ɗani uku da rabi, ya bar ɗani guda cur na sarari.

Har ran kwana na goma sha takwas wuta tana fesowa daga rumfar kamar ana watsa taurari da rana tsaka. Ran na goma sha tara ya shafa fenti shuɗi. Ran na ashirin aka kai wa Malama. Ta zauna, ta kama tayoyin, ta tura sau ɗaya. Keken ya tafi sumul har tsakar gida, inda rana take. Ta ɗaga fuska ta rufe ido. Mijinta ya juya baya yana gyara igiyar shanya da ba abin da ya same ta.

Ranar komawa makaranta, ba a gayyaci kowa ba, amma layin ya fito. Malama a gaba, cikin farin mayafi, rajista a cinyarta, tana tuƙa kanta. Mutane a baya, ba wanda ya taɓa keken, don ta hana. Matar mai burodi tana nuna wa maƙwabciyarta hannun kujerar tana cewa nan ne wajen kan gadon. Tsohon ma'aikacin gidan waya yana tafe dab da tayarsa, kansa a sama. Mai shagon kayan gini ya rufe shago da safiyar ciniki, abin da ba a taɓa gani ba, yana biye yana leƙen notinsa. Tartsatsi ne a ƙarshe, yana ɗingishi, cikin rigar da ba ta da ramin wuta ko ɗaya.

Ta haye tudun da kanta, zufa tana bin goshinta. Ta hau gangaren magini. Yara sun cika tagogi. Hedimasta yana tsaye a baranda da littafin zuwan malamai a hammata. Ta saita keken a ƙofar aji uku, ta tura.

Ƙarfe ya daki ƙarfe.

Ta ja baya, ta sake saitawa, ta tura. Ya sake dukan bakin ƙofar, hagu da dama. Ƙafafunta da matakin keken sun shiga, manyan tayoyin sun tsaya a waje. Abin da ya hana bai fi faɗin yatsa uku ba.

Tartsatsi ya ratso mutane, ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ya buɗe hannu a bakin ƙofar. Ɗaya, biyu, uku, da ɗan ƙari. Ya ɗago ya nemi Tela.

"Kin ce huɗu da rabi."

"Huɗu da rabi ne mana!" Ta matso a fusace ta sa nata hannun. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, da rabi. Ta tsaya. Ta dubi hannunta, ta dubi nasa. A hankali ta ɗora tafinta a cikin tafinsa, ya zauna ciki kamar ɗan tsako a kwando.

"Wayyo, Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa. Rabon da ta kira shi haka tun ranar da aka kai yayarta gidansa. "Da tef a wuyana."

"Ni na hana ki," in ji shi. Shekara arba'in yana awo da hannun nan, bai taɓa kawo wa ransa cewa ba kowa ke da irinsa ba. Ya juya wajen Malama, ya kasa haɗa ido da ita. "'Yata, ki yafe min. Zan yanka in rage. Kwana uku."

"Ba mu da kwana uku," in ji Sista. Ba faɗa a muryarta, abin da ya fi faɗan zafi ke nan.

Magini ya ce a ba shi guduma, kafin a gama gaisuwa ya fasa gefen ƙofar. Hedimasta ya ɗaga hannu: ginin ba nasa ba ne, ba ya da ikon a cire ko bulo ɗaya sai da izinin ofis. Shi dai abin da aka ce ya rubuta shi ne ko ta shiga aji ta koyar a yau, ko ba ta shiga ba. Mijin Malama ya matso ya sunkuya.

"Bari in ɗauke ki in sa ki a kujerar ciki. Minti ɗaya ne."

"A'a."

"Don Allah, Maman yara. Aikin ne."

"Na ce a'a. Ba a gaban 'yan ajina ba."

Aka kaɗa ƙararrawa. Malama ta tura keken gaba har ya manne da bakin ƙofar, ta ja birki. Ta leƙa cikin ajin, inda yara arba'in suka ƙura mata ido, bayansu ga ƙofa rabi, fuskarsu ga allo rabi.

"Aji uku!"

"Na'am, Malama!"

"Wa ya ce ku tsaya kuna kallona kamar talabijin? Kowa ya kama bencinsa, ku juyo da shi nan. Yau gaban aji ya dawo ƙofa. Maza, ba na son jin ƙara."

Ƙarar kuwa sai da aka ji ta har bakin titi. Benci yana gogar siminti, yara suna dariya suna ture juna. Da suka natsu, ta buɗe rajista a cinyarta ta fara kiran suna, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Ta rufe, ta ce a fito da littafin karatu, shafi na farko.

Hedimasta ya tsaya yana kallo har ta kai tsakiyar shafin. Sannan ya buɗe littafinsa, ya miƙa mata biro ta saman kafaɗa. Ta sa hannu ba tare da ta daina sauraron yarinyar da ke karatu ba, har ta gyara mata kalma ɗaya tana cikin rubutun.

"Ta koyar," ya ce wa Sista. "Abin da na gani ke nan, shi zan rubuta. Takardar neman izinin ƙofa kuma yau za ta tafi."

Sista ta fara cewa asusu zai ɗauki nauyin sabuwar ƙofa, mai shagon kayan gini ya katse ta.

"Wane asusu? Akwai ƙofa mai faɗi a shagona, ta shekara biyu ba wanda ya taya. Notina ne a jikin keken nan, ba za a bar shi a baranda ba." Ya juya ga magini. "Siminti buhu nawa? Kada ka ƙara min ko ɗaya, na san halinku."

Aka kwashe da dariya, har Malama ta juyo ta ce a yi mata shiru, ana karatu. Manya guda talatin suka yi tsit kamar 'yan aji ɗaya, suka sauka daga barandar a kan yatsun ƙafa.

Tartsatsi bai bi su ba. Ya zauna a kan gangaren, ya miƙe ƙafar mai ciwo, yana jin muryarta tana hawa tana sauka a bayansa. Kunyar ba ta sake shi ba tukuna, amma wani abu ya zauna kusa da ita wanda ya fi ta girma. Tela ta zo ta zauna gefensa, ba ta tsokane shi ba, shi ma bai tsokane ta ba.

Kwana huɗu Malama ta koyar daga bakin ƙofa, rana tana dukan bayanta, Tela tana riƙe mata lema in zafin ya yi yawa. Ran na biyar izini ya zo. Magini ya fasa, Tartsatsi ya kafa sabuwar ƙofar, mai shagon yana tsaye a kansu yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da simintin ya sha iska, aka mayar da bencina yadda suke, Malama ta saki birki. Ta wuce ta tsakiyar ƙofar ba abin da ya taɓa ta, ta bi ta tsakanin layukan yara har gaban aji, ta ɗauki alli, ta miƙa hannu za ta rubuta kwanan wata.

Hannun ya tsaya a ƙasan allon. Ta sake miƙawa, bai kai ko rabi ba. Ta juyo ta dubi ƙofa, inda Tartsatsi ke tattara kayan aikinsa.

"Baba, kada ka tafi tukuna. Allon nan ma sai an sauko da shi."

Ya ajiye jakar, ya shigo yana ɗingishi. Ya tsaya kusa da ita, ya ce ta ɗaga hannu iyakar inda za ta iya ba tare da ta wahala ba. Ta ɗaga. Ya karɓi allin daga yatsunta, ya ja layi a bango daidai wurin.